Gajeren Zango

Ran Talata, sanyin Guarda na cizon yatsa,
tsoho Horacio ya gangaro garejina,
farar motarsa na ɗingishi a giya ta uku.
Ko gaisuwa babu. Ya nuna allon bayan sitiyari:
"Telmo, idon nan ya hana ni barci."

Ido biyu ma na tarar.
Ɗaya ruwan ɗorawa mai siffar inji,
ɗaya ɗan akwati da ɗige-ɗige a ciki
kamar gwangwanin da yaro ya cika da tsakuwa.

Na jona na'ura, na bar ta ta yi tsegumi.
Ta ce matatar hayaƙi ta cika maƙil.
Ban gaskata ta nan take ba,
na'ura ma kan yi ƙarya in tiyo ya tsage.
Na kwanta ƙarƙashi, na laluba siraran tiyon nan biyu
masu kai wa sensa rahoto. Lafiyarsu lau.
Na zaro sandar awo:
baƙin mai ya haura zane, yana warin dizal.

"Ina da ina kake zuwa da ita?"

Ya ƙirga a yatsa.
Gidan burodi. Kantin magani.
Sai maƙabarta, wurin Lurdes, kullum da hantsi.
Kilomita uku zuwa, uku komowa,
wata goma sha huɗu ke nan.

Na goge hannu da tsumma fiye da yadda ya kamata.

Na ce, Baba, dizal ba ya son gajeren zango.
Abin da yake ƙonawa yana barin baƙi,
matata na tare shi don kada ya shiga huhun jama'a.
Tana tarawa, tana haɗiyewa,
tana jiran ranar da inji zai yi zafi sosai
ta ƙone abin cikinta ya zama toka.
Kai kuwa da ta fara ɗumi sai ka murɗa makulli.
Ka taɓa jin fanka na kuka bayan ka kashe?
Ya ce, "Sau da yawa. Na ɗauka lalura ce."
Na ce, magana ce ka katse mata a baki.

"To yanke ta mana. Surukin maƙwabcina ya yanke tasa."
Na ce, ranar binciken mota zai yi bayani.
Ni ba na cire wa mai tari huhu.

Na juye mai, na zuba sabo.
Na rubuta masa magani a bayan rasit:
babbar hanya, giya ta huɗu,
allura kan dubu biyu da ɗari biyar,
rabin awa ba tsayawa.
In ka ji ƙauri, kada ka tsorata.
In idon ya fara ƙiftawa, ka tsaya ka kira ni.

Ya juya takardar sama da ƙasa.
"Hanyar yamma ita ce ta Aveiro."
Na ce, ita ce.
"Benedita na can. Tun jana'iza ba mu yi magana ba.
Kan zoben uwarta ne. Abin kunya."
Ban tanka ba. Sana'ata ta tsaya a salansa.

Ran Alhamis da azahar, ina fama da wani kulochi,
waya ta yi ƙara.
Iska na kaɗawa a bayan muryarsa.
"Ya mutu! Idon ya mutu, dukansu biyu,
daidai kwanar Viseu.
Na tsaya shan mai. Yanzu in juyo?"

Na ce, ta fuskar mota, aiki ya ƙare.

Shiru. Wata tirela ta wuce shi da gudu.
"Amma ai ba a sani ba," in ji shi,
"ko akwai saura a ciki."
Na ce, yakan faru.
"Kuma tanki cike yake."

Ya kashe waya bai biya ni sallama ba,
kamar yadda har yau bai biya kuɗin mai ba.
Na koma ƙarƙashin motar wani.